Kama da wane ba wane ba ne: decline, wilt, droop, sag, slump ko flag, wacce za ka saka?

Shekaranjiya da daddare ƙanena ya turo min wata takarda ta WhatsApp wai in duba masa kafin ya miƙa. Shi ne sakataren wata 'yar ƙungiyar masu noman rani can wajen Kadawa, kuma mutanen da ke ɗan tallafa musu da iri da taki sun ce lallai rahoton ƙarshen shekara da Turanci suke so. Abu biyar yake son faɗa, kuma da Hausa ya faɗa min su tsaf ba gargada: tumatir ya yi yaushi a satin da injin ban ruwa ya lalace, farashin kwando ya faɗi warwas da kaya suka yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan, rufin rumfar da suke tara kaya ya lotsa, kuɗin asusu yana ta tsiyayewa kaɗan kaɗan, sannan mutane sun fara sanyi da zuwa taro. Amma da ya zo Turanci duk biyar ɗin decline ya zuba musu. Na ce masa kai malam wannan decline ɗin ai ta yi yawa, ka canja. Minti ashirin sai ga shi ya dawo, ashe intanet ya shiga ya nemo kalmomi masu kama da ita ya rarraba musu kamar rabon goro a ɗaurin aure, farashi ya samu wilted, rufi ya samu waned, membobi kuma wai drooped. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi dariya ta ishe ni.

Ba shi kaɗai ba ne, na sha ganin haka wajen yaran da nake yi wa lesin na WAEC da JAMB. Abin da ke ba ni mamaki shi ne da Hausa babu wanda zai ce rufi ya yi yaushi ko farashi ya langaɓe, kunnenka ma ba zai yarda ba, amma da an koma Turanci sai mu ɗauka duk kalmomin da ƙamus ya jera a layi ɗaya kanwar ja ce. To ba haka ba ne, su ma kowacce da hoton da take ɗauke da shi, kuma hanya mafi sauƙi da na sani ita ce ka fara faɗin maganar da Hausa ka ji wace kalma ce ta zo bakinka, ita za ta nuna maka ta Turancin.

Bari in fara da decline tunda ita ce uwar tafiyar. Asalinta daga Latin take, ma'anarta karkata zuwa ƙasa, kuma ita ce mai babbar riga a cikinsu, ta ofis ce, ta rahoto, ta jarida. Ba ta nuna maka siffar abu, ba ta ce ya lanƙwashe ko ya bushe ba, cewa kawai take abin da yake da yawa ko yake da ƙarfi yanzu ya ja baya, galibi a hankali cikin lokaci mai tsawo. Noman gyaɗa a Kano misali ne mai kyau, dalar gyaɗa ba rana ɗaya ta ɓace ba, fari na farkon shekarun 1970 ya taɓa ta, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙara, kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, a haka a haka har ta zama labari. Haka masaƙun Kaduna, masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da aka buɗe a 1957 ta yi shekaru tana jan ƙafa kafin a rufe ta a 2002. Irin wannan shi ne gidan decline, ka ce "the decline of the textile industry" babu mai ɗaga maka gira.

Sai dai tana da wasu tarkuna guda biyu. Na farko ƙananan kalmomin da ke bin ta. A ce kwando yana naira dubu 20 ya koma dubu 15, in ka ce "declined by" to dubu 5 za ka saka, wato abin da ya ragu, in ka ce "declined to" dubu 15 za ka saka, wato inda ya tsaya, na ga mutane da yawa sun juya su kuma a rahoton kuɗi wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, za a iya ɗauka cin kuɗin kuka yi. Sannan "decline in" ana yin ta da abin da ake aunawa kamar farashi ko yawan ɗalibai, "decline of" kuma da abin da gaba ɗayansa ne yake durƙushewa kamar masana'anta ko daula. Tarko na biyu kowa ya san shi ko bai yi boko ba, domin duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS aka zura katinsa takarda ta fito da declined alhali an cire masa kuɗi ya san wannan ba raguwa ba ce, ƙi ne. Decline idan ta ɗauki abu a gabanta to ƙin karɓa take nufi cikin ladabi, an gayyace ka ka ce a yi maka uzuri, ko ɗan jarida ya tambayi jami'i ya ƙi cewa uffan su rubuta "declined to comment". Refuse ta fi ta kaushi. Shi ya sa jimlar ƙanena ta "we declined the price" da yake nufin sun rage farashi, abin da ta ce a zahiri shi ne sun ƙi sallamawa.

Yanzu tumatir. Yaushi dai wilt ne, kai tsaye, babu kwana. Ganye ya rasa ruwa ko rana ta dake shi ya saki jiki, alayyafon da aka baro a faranti tun safe, latas ɗin da ya kwana. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wilt bai mutu ba tukuna, ka ba shi ruwa da yamma da safe ka tarar ya miƙe. Malaman gona kuma suna amfani da ita a matsayin sunan cuta, akwai bacterial wilt da Fusarium wilt masu kama tumatir su toshe hanyar da ruwa ke bi a cikin karan, to wannan ko ka kwarara masa kogi ba zai tashi ba, saboda haka in kana rubuta wa masana ka bambance, "the plants wilted" daban "the plants had wilt" daban, ta biyun cewa ka yi cuta ta shiga gonar. Ana kuma aro ta a yi wa mutum, wanda zafin Afrilu ya dafa ya yi laƙwas, ko ƙungiyar ƙwallon da ta riƙe wuta minti 70 sannan ta saki. Wani abu kuma, masu karanta tsofaffin fassarorin Alƙur'ani na Turanci za su riƙa cin karo da "thou wilt", wannan ba ruwanta da yaushi, tsohuwar siffar will ce kawai.

In yaushin ya wuce gyara, ganye ya yanƙwane ya bushe ya yi ja, to an bar wilt an shiga wither. Ita babu dawowa. Ƙanena ya ce shukar ta farfaɗo da aka gyara injin, ka ga ke nan da ya saka withered da ya yi wa masu tallafi ƙaryar asarar da ba a yi ba.

Droop kuma ita siffa take kallo ba dalili ba. Abu yana maƙale ta sama ko ta gindi amma kansa ya langaɓe ya yi ƙasa, kan dawa da ya yi nauyi ya sunkuya, fatar idon mai gyangyaɗi a aji bayan azahar, kafaɗun wanda aka ce bai ci jarrabawa ba, kunnen akuya. Fure zai iya yin wilt da droop lokaci guda, ɗaya tana gaya maka ƙishi yake ji ɗaya tana gaya maka yadda ya tsaya. Daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, inda take nufin sunkuyar da kai. Ku kula da rubutun, o biyu ne kuma ana jan ta a baki, druup, in ka rage o ɗaya ka koma drop wato faɗuwa ko yarwa, kuma ta shuɗe drooped ce da p ɗaya, dropped ce mai p biyu. Inda droop ta fi muhimmanci a wurina asibiti ne. Alamomin shanyewar ɓarin jiki da ake koyarwa da haruffan FAST, na farkonsu shi ne face drooping, wato gefe ɗaya na fuska ya saki baki ya karkace, sai hannu ya mutu, sai magana ta sarƙe, sai a yi maza a tafi asibiti. In kana yi wa likitan da ba ya jin Hausa bayani to wannan kalmar kake nema, kar ka ce masa fuskar Baba ta yi decline.

Sag ita ce lotsawa, kuma bambancinta da droop a wurin da abin ya saki yake, droop baki ko kai ne ke yin ƙasa, sag tsakiya ce. Igiyar shanya da aka lafta wa jiƙaƙƙun kaya, katifar da ta yi rami, azarar ɗakin ƙasa bayan ruwan Agusta, wayar wuta da ta sauko har babbar mota na shafar ta. Nauyi ne ko tsufa ke kawo ta. Wandon da samari ke saki ƙasa da ƙugu ma sagging ake ce masa. 'Yan jaridar kasuwanci kan ce farashi ya yi sag in ya ɗan yi ƙasa ba da ƙarfi ba, amma ni ban cika ba ɗalibi shawarar ya bi su nan ba, ka bar ta a rufi da katifa ka huta. G ɗin ana ninka shi, sagged, sagging.

To farashin da ya faɗi warwas fa? Slump. Wannan faɗuwa ce mai nauyi, ta zo da ƙarfi kuma ta zauna a ƙasa ta ƙi tashi da wuri. Ɗanyen mai yana sama da dala 110 ganga a watan Yunin 2014, zuwa Janairun 2016 ya koma ƙasa da dala 30, a shekarar nan kuma tattalin arzikin Najeriya ya karye, to duk jaridun duniya slump suka riƙa kira, in ka ce decline ba ka yi ƙarya ba amma kamar ka ga mutum ya faɗo daga bene ne ka ce ya sauko. Masu gini sun fi kowa ganin hotonta da ido, akwai gwajin da injiniyoyi ke yi wa kwaɓin kankare da ake kira slump test, a cika wani mazubi mai siffar mazurari mai tsayin santimita 30, a zare shi sama, sai a auna yadda kwaɓin ya zauna, in ruwa ya yi yawa sai ya baje. To haka kalmar take, abu ya rasa abin da ke riƙe da shi ya zube a inda yake. Shi ya sa ake yi wa mutum ita in ya sulale a kujera ko ya kife a kan sitiyari. Jaridunmu na Najeriya suna son "slumped and died" kamar me, kusan kullum sai ka gani, ba laifi ba ne za a gane ka, amma in yanke jiki ya faɗi kake son cewa kuma mai karatun ba ɗan nan ba ne, collapsed ta fi zama daidai.

Sai wadda ta fi ba mutanenmu wahala, flag, kuma ita ce dalilin da na zauna rubuta wannan dogon zancen. Kowa ya san flag tuta ce. Kowa kuma ya saba jin gwamna ya yi flag off na titi ko na rabon taki, wato ya ƙaddamar. Saboda haka Bahaushe in ya ga "the campaign is flagging" sai ya ji kamar abu ya kankama ana ta kaɗa tutoci, alhali maganar cewa take kamfe ɗin ya fara sanyi, gwiwa ta mutu. Na taɓa saka wannan a gwajin kalma mai kishiyar ma'ana irin na JAMB, kusan duk ajin suka faɗa rami ɗaya. Ni yadda nake tunawa, tutar da iska ta ɗauke mata nake kawowa a raina, ta daina kaɗawa ta kwanta a jikin sanda. Flag ta ƙwazo ce, ta sha'awa, ta kuzari, ta hira da ta fara mutuwa, kuma tana ɗauke da cewa da an fara da zafi sannan abin zai iya dawowa. Ku duba masallaci a watan azumi, goman farko sai ka yi sammako kafin ka sami sahu a tarawihi, goman tsakiya sahu ya fara raguwa ana ta hamma, goman ƙarshe kuma a dawo a cika har waje, to abin nan na tsakiya shi ne flagging, babu kalmar da ta kai ta dacewa.

Yadda za ka raba su a jimla ba wuya. In babu komai a gabanta, "interest flagged", to sanyi ne. In akwai abu a gabanta, "the bank flagged my account", to alama aka saka wa abin don a bincika, irin yadda Facebook ke yi wa rubutu ko mai tuta a gefen fili ke ɗagawa in an yi satar gida. Flag down tsayar da abin hawa ne da hannu, tasi ko adaidaita. Flag off kuwa a nan da Indiya aka fi jin ta, in takardarka Ingila ko Amurka za ta ka saka launch kawai. Akwai kuma unflagging, wannan yabo ne, in aka gode maka da "unflagging support" cewa aka yi ba ka taɓa gajiyawa ba, kar ka ɓata rai.

Wane, wadda in ka gan ta a rubuce sai ka rantse Hausa ce, wein ake furtawa. Ta wata ce tun asali, ya cika a daren sha huɗu zuwa sha biyar sannan ya fara zaizayewa, girman shi ne wax raguwar ita ce wane, shi ya sa ake haɗa su a ce "wax and wane". Daga nan aka ara wa mulki da farin jini da faɗa a ji, ɗan siyasar da tauraruwarsa ta fara dusashewa sai a ce yana "on the wane". Tana kusa da flag sosai har wani lokacin ka musanya su ba a lura ba, sai dai flag gajiya ce ta ɗan lokaci, wane kuwa zamani ne ke juyawa. Ba a yi wa rufi ita, ba a yi wa tumatir.

Kuɗin asusu kuma dwindle ne. Abin da ake ƙirgawa ko ake aunawa yana raguwa kaɗan kaɗan har ya kusa ƙarewa, hatsi a rumbu in damina ta yi nisa ba a kai ga sabon gero ba, ko albashi bayan ranar 15 ga wata. Tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 sannan farin shekarun 1970 da 1980 ya tsotse mafi yawansa, dwindled za ka ce ko shrank. Abin da ta fi decline da shi shi ne tana sa mai karatu ya hango ƙasan tukunya, in kana neman a tausaya a ƙaro tallafi ai ka ga wacce ta fi yi maka aiki.

Akwai languish, ta wanda aka manta da shi yana ruɓewa a gidan yari ba shari'a ko ƙungiyar da ta maƙale a ƙasan teburin gasa, da ebb ta janyewar ruwan teku, waɗannan ku san su don karatu da jarrabawa, ba lallai ku riƙa cusa su a rubutu ba.

Ga mai shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, inda a kashin farko na rubutu ake ba ka zanen alƙaluma ka yi bayani da aƙalla kalma 150, shawarata ka tsaya kan decline da fall da drop da decrease, ka ajiye slump sai inda layin ya gangaro da gaske, dwindle sai inda ya doshi sifiri. Wilt da droop da sag kar su shiga wurin ko da wasa, mai makin zai gane ƙamus ka haɗiya ba ka tauna ba. Ga mai rubuta labari ko insha'i kuwa abin juyawa yake, decline ce za ta kashe maka rubutu saboda ba ta da hoto, gara ka ce kafaɗunsa sun yi droop mai karatu ya gan shi da idonsa. Kuma kusan dukkansu ba sa ɗaukar abu a gabansu in raguwa ake nufi, ba ka dwindle ɗin kuɗi, kuɗi ne ke dwindle da kansu, in kai ne ka rage to reduce ko cut za ka nema.

A ƙarshe dai haka muka gyara takardar, tumatir wilted, farashi slumped, rufi sagged, asusu dwindled, zuwa taro flagged. Can wajen sha ɗaya sai ga saƙonsa, wai Yaya wannan flagged ɗin fa ina tsoro, shugabanmu zai karanta kafin ya sa hannu kuma na san shi, cewa zai yi na rubuta mun ƙaddamar da taro. Na tambaye shi kuna da rajistar masu zuwa? Ya ce akwai, har da kwanan wata. Na ce to ai shi ke nan ma, tunda kana da lamba a hannu mayar da ita declined ka saka daga nawa zuwa nawa, dama inda alƙalami ya ƙirga decline ta fi flag ƙarfi, flag ta inda kake ji a jikinka ne ba ka da lissafi. Ya ce to ashe dai decline ɗina ɗaya ta tsira. Na ce ɗaya cikin biyar, a WAEC F9 ke nan. Rufin rumfar kuwa har yanzu ba su gyara ba, ya ce sai an sayar da albasa.